Ranar da Muka Ɗaga Barandar Gidan Alhaji Garba

Ku samarin yanzu kuna ba ni dariya. Yaro zai yi 'yan watanni yana ɗaukar kwanon sarki a bayan wani, ya koyi ɗora bulo a kan bulo, sai ka gan shi ya sayi cokalin gini, ya rataya tef a ƙugu, wai a riƙa ce masa injiniya. Kwanan baya wani daga cikinku ya dubi tsabar idona ya ce gini ai ba wani abu ba ne, siminti ne da yashi da ƙarfin damtse. To, ku gyara zama. Tayar da sabon gini a fili ba ya ba ni tsoro, kuma ba ya burge ni. Inda ake gane magini shi ne a tsohon gida, wanda akwai mutane suna kwana a ciki, kuma ba a ba ka damar ka rushe ka sake ba. Ni ne Ado Magini na nan Kura, da wannan hannun nake ci tun ban fara gemu ba.

Aikin farko da ubangidana, Baba Tanko na Bunkure, ya sa ni, babu cokali a cikinsa. Wani tsohon soro ake gyarawa, ya nuna mini ramin kwaɓi ya ce in shiga. Ana zuba ruwa da yankakken haki, ina tattaka laka har sai ta yi danƙo, in fito ƙafafuna duk sun tsattsage. Na daɗe a ramin nan kafin ya yarda in cura tubali, na kuma daɗe ina curawa ina jefa masa sama kafin ya bar ni in taɓa bango. Mafaɗaci ne na gaske, amma a wurinsa na koyi ƙwanƙwasa azara da ƙotar guduma in saurara. Azara, ga waɗanda suka tashi a ɗakin kwano, ita ce tsagaggen itacen giginya da ake jerawa a ɗora rufin ƙasa a kai. Mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda gara ta ci kuwa sai ka ji muryarta ta mutu. Shi ne kuma ya hana ni saurin ɗaga kai in na je duba gini. Ya ce in fara durƙusawa in dafa gindin bango, don yawancin ɓarnar da ake gani a sama daga ƙasa ta taso.

Ban san darajar wannan karatun ba sai da ruwan kanal na noman rani ya zauna a ƙasarmu. Ruwan nan ya kawo arziki, kar wanda ya gaya muku ba haka ba. Shinkafa, tumatir, albasa, rani da damina, har masu tafiya cin rani suka zauna a gida. Amma ƙasar da ke shan ruwa duk shekara ba ta riƙe gini kamar ta da. Sai ka ga gindin bango yana zubar da wani farin gari, shafen siminti yana ɓamɓarewa, ƙofar da ke rufuwa bara ta ƙi rufuwa bana. Na bar laka na koma bulo da siminti kamar kowa. Na sayi igiya da filam na duba miƙewar bango, da siririn tiyon nan mai ruwa a ciki da muke daidaita tsayi da shi. Duk da haka rabin aikina ya zama bin danshi, ina neman ta inda ya shigo.

Masu gidan haya kuwa na ga iri-iri. Akwai wani da ya taɓa kai ni gidansa a hanyar Kumbotso, bango ya tsage tun daga taga har ƙasa, ya ce in cusa takardar buhun siminti in shafe, ya sa a yi fenti, sabon ɗan haya zai shigo ranar Juma'a. Na ce masa ni magini ne, ba mai kwalliyar amare ba, na ɗauki jakata. 'Yan haya ma ba waliyyai ba ne. Na ga wanda ya jibge buhunan albasa a kan rufi har ya lotsa, sannan ya rantse shi bai san me ya faru ba, alhali warin albasar na dukan hancina. In kun shiga sana'ar nan, ku sani kullum a tsakiyar mutum biyu za ku tsaya, kowa yana so bakinku ya faɗi tasa.

Sana'armu a nan gona take bi. In an sayar da shinkafa wayata ba ta hutawa: wannan zai ƙara ɗaki, wancan zai zagaye fili, wani zai yi wa mahaifiyarsa shafe. In gona ta ƙi, magini ne farkon wanda ake mantawa da shi. Shekarar da tsutsa ta faɗa wa tumatir ba zan manta da ita ba. Ka ga gona kore shar, kafin mako ya zagayo ta zama kamar an bi ta da wuta. Aka yi ta feshi, tsutsa ko gezau. Manyan motocin da ke lodin kwanduna zuwa Kudu suka jeru a bakin titi, direbobi na kwance a ƙarƙashinsu suna korar ƙuda. Ni da nake zaɓen aiki, na koma gyaran murhu da toshe ramin ɓera. A tsakiyar bazarar wannan shekarar Alhaji Garba ya aiko a kira ni, ya ce in taho da zarto da diga.

Alhaji Garba manomi ne, tsaran yayana, kuma tumatirinsa na cikin wanda ya tafi. Yana da wani tsohon gida da ya gada a bakin hanyar da ke bin ƙaramin kanal, ya ba wani bakaniken injin ban-ruwa haya, Malam Iro. Iro na zaune a ciki da iyalinsa da tsohuwarsa, wadda duk layin ke kira Inna, a barandar ƙofar gida kuma yake sana'arsa. Barandar irin ta da ce. Azara ta fito daga bangon gaba ta kwanta a kan wata babba da aka gicciye bisa ginshiƙai uku, aka ɗora rufin ƙasa mai kauri. Duk zafin da rana ta kai, in ka shiga ƙarƙashinta kamar ka zauna a gindin randa. Manomin da injinsa ya ƙi tashi, daga nan har ƙauyukan Bunkure, ya san inuwar nan. A nan ake ajiye injina, a nan ake kwance su, a gefe guda kuma ga duron ruwa da Iro ke gwada su in ya gama gyara.

Da na iso na ga dalilin kiran. Ginshiƙai biyu na wajen gabas sun nutse, rufin ya karkata, tsakaninsa da bango ya buɗe har hannuna na shiga. Ƙofar gidan kuma ɗaya ce, ta ƙarƙashin wannan rufin 'ya'yan Iro ke fita makaranta kullum. Alhaji bai tsaya dogon bayani ba. Ya ce in yanke azarar daga jikin bango, in sauke rufin, in kwashe ginshiƙan, kowa ya huta. Iro na tsaye da sifana a hannu yana jin mu. In babu baranda ba shi da wurin aiki, don injinan mutane ba sa zama a rana da ruwan sama, kuma babu wata inuwa a layin da zai koma. Sai dai ya kwashi iyalinsa ya bar garin, a shekarar da ba wanda ke da abin taimakon wani.

Abin da muka taras a nan game da haya ba shi da wuyar ganewa. Duk abin da ke ɗauke da gida, tushe da bango da ginshiƙi da rufi, na mai gida ne. In ya tsufa ko ya lalace shi zai gyara, ko da bai taɓa kwana a ciki ba. Na ɗan haya shi ne share indararo, da kula da kwata, da gaya wa mai gida da wuri in ya ga tsaga. Amma abin da hannun ɗan haya ya ɓata, shi ke da alhakinsa. Iro ya ce tun bara yake kai kuka. Alhaji ya ce ai wannan ba tsufa ba ne, aikin duro ne: mutum kullum yana kwarara ruwa a gindin ginshiƙi, sannan ya dawo ya ce mai gida ya gyara? Suka juyo su biyun suna kallona.

Ni kuwa tuni na bi azarar da ƙotar guduma, kuma raina ya ɓaci. Ɗaya ce kawai gara ta taɓa, sauran suna amsawa kamar jiya aka tsaga su. Irin wannan azarar yanzu sai ka zagaye ƙauyuka ba ka samu ba. Na ce wa Alhaji zartona ba zai hau kanta ba sai na ga abin da ke ƙasa, in kuma sauri yake, ga yara nan barkatai masu sabon cokali, ya kira ɗaya. Muka ɗan ɗaga wa juna murya har mutane suka fara taruwa, wani ya je ya kira mai unguwa. A gaban mai unguwa Alhaji ya yi maganar da ta ɗaure shi.

"Ranka ya daɗe, a tona," in ji shi. "In aka ga ba ruwan Iro ba ne, ni zan gyara, ko da zan sayar da rigata. In kuma nasa ne, a sauke ta yau."

Iro ya ce ya yarda, amma da ƙyar aka ji muryarsa. Shi kansa bai tabbata ba, don ya san yana zubar da ruwan.

Na fara da ginshiƙin yamma, wanda duron ke jingine da shi. Saman ƙasar baƙi ƙirin da mai, jiƙe sharkaf, amma da diga ta ɗan shiga sai ga busasshiyar ƙasa tana tashi. Na sa wa ginshiƙin filam, a miƙe yake sambal. Na koma na gabas, inda ko ɗigon ruwa babu a sama. Na ɓare busasshen saman, ƙasa ta fara duhu, ina ƙara zurfi tana ƙara laushi, har na kai inda diga ke nutsewa da kanta. Tushen ginshiƙin a cikin taɓo yake zaune. A jikin haƙan, ta wajen gabas, ga wani ramin gafiya ya buɗe baki, wanda hannu zai shiga har gwiwa.

Alhaji ya leƙa ya ce ruwa ai tafiya yake, wa ya sani ko na duron ne ya bi ta ƙasa ya taru a can. Mai unguwa ya ce a bi a hankali. Ana cikin haka Alhaji ya dubi rana ya ce a yi masa uzuri, lokacin ba irin shinkafarsa ruwa ya yi, yanzu zai dawo.

Ga abin da ba wanda ya kawo a ransa, har ni. A bayan gidan Alhaji na da ɗan fili, a nan ya yafa irin shinkafar da zai dasa da damina, ko ya rama abin da tumatir ya yi masa. Shi ne duk abin da ya rage masa a shekarar. Da daɗewa ya ja 'yar hanyar ruwa da fartanya daga ƙaramin kanal, ta bi ta gefen katangar gabas zuwa filin. Mu mutanen nan ba ma ɗaukar hanyar ruwa a bakin komai. Mun saba da ita a ƙofar gida da bayan masallaci, tsallake ta muke mu wuce, ni ma da safen nan na tsallake ta da zartona a kafaɗa. Alhaji ya je ya janye tsohon buhun ɓuntun shinkafa da yake toshe bakinta da shi, ya ga ruwa ya kama hanya, ya dawo muka ci gaba da musu.

Ina cikin haƙan ina nuna wa mai unguwa tushen, sai na ji sanyi a idon sawuna. Na duba, ashe ramin gafiyar nan ne ke tofo ruwa, da farko kaɗan-kaɗan, sannan ya ɓalle yana bulbulowa. Wallahi har tsigar jikina ta tashi don murna. Shekara da shekaru ina bin danshi yana ɓoye mini, ban taɓa kama shi dumu-dumu irin ranar ba. Na yi tsalle na fito ina kiran mutane su zo su gani. Ruwa ne garau, ba ɗigon mai a kansa, sai ɓuntun shinkafa da ke ta juyawa a sama. Alhaji ya tsuguna ya ɗebo ɓuntun a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. Kowa ya san buhun nan nasa mai zuba.

"Ruwana ne," in ji shi. "Malam Iro, ka yafe ni."

Da a nan magana ta ƙare, da abin ya zo da sauƙi. Alhaji ya ce to a cusa wa ramin gafiya siminti, a tayar da ginshiƙai. Na ce ba na aikin da zan dawo in sake. Gafiya hanya kawai ta buɗe, amma ƙasar gefen nan duk ta sha ta ƙoshi. Sai an kashe hanyar ruwan gaba ɗaya, an cike ta, ƙasa ta tsane, kafin in zuba tushe. Ya ce a bari ya cire irinsa ya dasa tukuna. Irin kuwa ko rabin girmansa bai yi ba, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas in la'asar ta yi. Na gaya masa gaskiya, cewa rufin ƙasa in ya sha ruwan fari nauyinsa ƙaruwa yake, kuma waɗannan ginshiƙan ba za su ɗauka ba.

Duk wanda ke wurin manomi ne ko ɗan manomi, kowa ya san abin da ake nufi da yanke wa iri ruwa a zafin bazara. Iro ne ma ya fara magana, ya ce a bar wa Alhaji ruwansa, su za su sa tsani su riƙa bi ta katangar baya har a yi dashe. Alhaji ya tambaye shi ko Inna ce za ta hau tsanin. Bai jira amsa ba, ya karɓi fartanya a hannun wani, ya naɗe hannun riga, ya je ya datse hanyar da kansa. Muka bi shi da shebur muka cike ta. Na tausaya masa ƙwarai, amma ban janye maganata ba. Daga baya Iro ya harhaɗa tsofaffin tiyo da wani inji, ya zagayo da ruwa ta can nesa da gidan. Ya ceci irin da ke kusa, amma fiye da rabi ya ƙone kafin ruwan ya kai. Shi ma Iro mai unguwa bai ƙyale shi ba, ya ce ya fitar da duronsa daga baranda ya yi masa kwata tasa.

Saura ni. Na cika baki a gaban jama'a cewa ba za a sauke rufin nan ba, alhali ban san da me zan ɗaga shi ba. Na dai tokare shi da itatuwa, amma tokara riƙe rufi take a inda yake, ba ta mayar da shi inda ya baro. Ina tafe a bakin titi ina wannan tunanin, sai na ga wani direba ya ɗaga motarsa yana juya tayoyi don rashin abin yi. Na ja na tsaya ina kallon jak ɗin nan, ɗan ƙarfen da bai kai tulu ba, ga shi ya tallafe motar da ke kai kwanduna har Kudu. Na ji kamar in taka rawa a tsakiyar titi. Na gaya wa direbobin abin da nake so, suka yi ta ƙyaƙyata dariya, wani ya ce yau ga magini zai canza wa gida taya. Amma zaman banza ya ishe su. Suka ce za su zo da jak huɗu, ko don su ga yadda zan sha kunya.

Ranar ɗagawa ƙofar gidan nan ta cika kamar kasuwa. Muka fitar da injina, muka kai Inna da iyalin Iro gidan maƙwabta. Na shimfiɗa katakai masu kauri a kan ƙasa mai tauri, na zaunar da jak a kai. Kowane jak na kafa masa guntun itacen turare a tsaye, a samansu na gicciya wani babban gungume da ya tallafi azarar duka. Na ɗaure bakin tiyon ruwa ɗaya a ginshiƙin yamma mai lafiya, ɗaya bakin na kawo gabas na yi alama da gawayi a jikin itacen da zai tashi tare da rufin. Direbobi suka durƙusa, kowa da sandar jak ɗinsa. Na ce musu wannan ba mota ba ce, ba mai dannawa sai na ce, kuma in an danna sau ɗaya a tsaya.

Na yi bisimilla na ce a danna. Rufin ya yi wani nishi kamar tsoho zai tashi daga tabarma, ƙasa ta zubo, 'yan kallo suka watse a guje suna ture juna. Na ce a tsaya. Na bi tokara ɗaya bayan ɗaya ina cusa musu guntayen katako, don ko jak ya zame rufin ya sami abin zama. Aka sake dannawa, na sake cusawa. Wani direba ya yi zumuɗi ya ƙara ɗaya, na daka masa tsawar da har yau in mun haɗu sai ya tuna mini. A hankali a hankali tsagar nan ta jikin bango, wadda hannuna ke shiga, ta fara haɗe baki muna kallo ƙiri-ƙiri. Alamar gawayi tana ta matsowa kusa da ruwan tiyo. Da suka haɗu na ɗaga hannu. Mata daga cikin gidaje suka rangaɗa guɗa, direbobi suka tashi suna rungumar juna kamar su suka gina gidan tun farko. Ni kam zama na yi a ƙasa ina dariya.

Sauran aikin kun san shi, ko dai kuna cewa kun sani. Na rushe ginshiƙan biyu, na haƙa har na sami ƙasa mai tauri, na jera duwatsu, na shimfiɗa leda mai kauri saboda danshi. Na zuba kankare da rodi, na ɗora bulo na cika cikinsa dam. Azarar da gara ta taɓa na zare ta, na sa wata da na samo a wani kango. Alhaji ya sayar da ragon da ya ajiye don layya ya kawo siminti, bai taɓa yi mini ƙorafi ba, sai dai kullum in zai wuce gona ya tsaya ya tambaye ni ko ya kama. In ce masa siminti ba ya jin sauri. Ina yayyafa wa ginshiƙan ruwa safe da yamma, ina satar kallon gabas, hadari na haɗuwa yana watsewa. Direbobi suka bar mini jak ɗinsu, tunda ba inda za su.

Ranar cire tokara akwai abin da muka gada a sana'ar nan, kuma zan so ku ma ku riƙe shi. Magini ba ya tsayawa daga waje ya ce a saki rufi. Tabarma yake shimfiɗawa a ƙarƙashi ya zauna, sannan a cire, don mutane su san irin aikin da ya yi musu. Na shimfiɗa tawa a tsakiyar baranda na harɗe. Sai ga Alhaji daga gona, taɓo har gwiwa, ya ratso jama'a ya tuɓe takalmi ya ce in matsa masa. Na ce masa nan wurin magini ne. Ya ce magini gobe yana wani gidan, shi kuwa wannan nasa ne har ya mutu. Ganin haka Iro ma ya taho zai shigo, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Tsaya nan waje, Malam Iro. Kuɗin haya kake ba ni, ba ranka ba."

Aka zare tokara ɗaya bayan ɗaya. Direbobi suka sassauta jak a hankali har gungumen ya rabu da azara, suka ja da baya. Rufin ya sauke nauyinsa a kan sababbin ginshiƙai da 'yar ƙara, ƙasa kaɗan ta zubo mana a ka. Muka kasa kunne mu biyu muna saurare. Ba abin da ya motsa. Alhaji ya kaɗe kafaɗarsa, ya ɗaga kai ya bi azarar da kallo tun daga yamma har gabas, sannan ya juya wajen Iro.

"To, yanzu je ka shigo da Inna da yaran," in ji shi.